Daga workhouse zuwa care home: tsofaffin sunayen gidajen kula da tsofaffi a Birtaniya, wanne ake rubutawa, wanne ake bari a kunne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a aikin kula da tsofaffi a Birtaniya ne, da masu aikin tafinta. Sabbin ma'aikata na yawan rikicewa da kalmomin da ke fitowa daga bakin tsofaffin Turawa, don ba su ake koyarwa a horon Care Certificate, wato horon farko na masu aikin kulawa, ba. Tsohuwa ta ce kada a kai ta "workhouse", wata ta ce a "nursing home" aka haife ta, a tsohon fayil kuma a ga an rubuta "Part III" ko "EMI". Ga "almshouse", ga "rest home", ga "infirmary". Shin duk abu ɗaya ne? Wanne ya halatta a takardun aiki, wanne ne ya zama abin kunya?

Malam Tafinta:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Mafi nauyi a cikinsu workhouse ne, bari in fara da shi.

Tun dokar matalauta ta 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, kowace gundumar coci ce ke ɗaukar nauyin matalautanta da harajin da take karɓa a hannun masu gidaje da gonaki. Shi ya sa har gobe za ki ji tsoho ya ce ba zai koma "on the parish" ba, wato ba zai zama kaya a wuyan hukuma ba. A 1834 aka yi wa dokar garambawul. Aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamitinsa mai suna Board of Guardians, da katafaren gida inda mai neman taimako zai shiga ya zauna. Da gangan aka tsananta zaman gidan don kada kowa ya nufe shi sai wanda dabara ta ƙare masa. Da shigarka za a karɓe tufafinka a ba ka na gida, a yi maka wanka, sannan a jefa ka ɗaya daga aji bakwai: tsofaffi da marasa ƙarfi maza, majiya ƙarfi maza, yara maza, haka ma uku a ɓangaren mata, sai ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 7. Miji da matar da suka tsufa tare, a bakin ƙofa ake raba su. Sai a 1847 aka yarda ma'auratan da suka haura 60 su nemi ɗaki ɗaya, kuma ba kowane gida ne ya tanadi irin ɗakin ba. Mai riƙe da gidan master, mai kula da ɓangaren mata matron, galibi matarsa ce, mazauna kuwa inmates, kalmar da ake kiran fursuna da ita.

Don majiya ƙarfi marasa aikin yi aka tsara shi, amma kafin ƙarni na 19 ya ƙare tsofaffi da marasa lafiya ne suka cika shi, ya zama gidan tsofaffi a aikace. Fanshon gwamnati na farko, sule 5 a mako ga wanda ya kai 70, sai a Janairun 1909 aka fara biyansa, kuma babban abin da ya yi wa mutane shi ne ya nisanta su da waccan ƙofa. Hukuma ta yi ta sauya wa gidan suna: Poor Law Institution a 1913, Public Assistance Institution daga 1930 da aka rushe kwamitocin Guardians aka miƙa gidajen ga majalisun yankuna. Gini dai shi ne, mutanen gari kuma ba su daina kiransa da sunansa na asali ba. Mai son gani da ido ya je Southwell a Nottinghamshire, ginin 1824 na nan a hannun National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi.

Anti Nas:
Malam ya kawo tushe, ni kuma in kawo abin da ake yi a ɗaki. Tsohuwa 'yar 90 a yau, da wuya a ce ta zauna a workhouse da kanta. A bakin iyaye da kakanni ta ji shi. Amma ginin ta san shi, domin da aka kafa NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, a 1948 da yawa daga waɗannan gine-gine sun koma asibitocin tsofaffi, sashen marasa lafiyarsu da ake kira infirmary ya zama ɗakunan kwantar da waɗanda ba a sa ran sallamarsu. Shi ya sa tsoho zai ƙi wani asibiti ɗaya tak a garinsu, ya yarda da duk sauran.

Idan mai ciwon mantuwa ta ce an kawo ta workhouse, kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya gyara mata tarihi, ana cewa ai an rufe su tuntuni. Ba tarihi take tambaya ba. Abu uku take tsoro: a raba ta da nata, a karɓe kayanta, a kulle ta. Sai a amsa waɗannan. A buɗe mata durowa ta ga rigunanta da sunanta a jiki, a faɗa mata ranar da 'yarta za ta zo idan an san ranar, a nuna mata hanyar falo ko lambu. Kada a tilasta mata wanka a ranar da aka kawo ta, in ba larura ba. A kula da ɗakin wanki sosai, don sa mata rigar wata da ta ɓace cikin wanki na iya tayar da wannan tsoro kwana da kwanaki. Bayan nan a rubuta maganarta yadda ta faɗa, da lokacin, da abin da ya kwantar mata da hankali, a sanar da babban mai aikin ranar don a saka a tsarin kulawarta.

Baban Sadik:
Ni ɓangaren da kuɗi ke ciki zan taɓa, don a nan ne rikita sunaye ke jawo asara.

"Part III" kashi na 3 ne na dokar National Assistance Act ta 1948, wanda ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da masauki ga wanda tsufa ko rauni ya sa yake bukatar kulawar da ba zai samu a wani wuri ba. Idan kika gani a tsohon fayil, gidan tsofaffi na ƙaramar hukuma ake nufi, irin wanda ake kira old people's home. Babu nas a cikinsa. A Ingila dokar Care Act ta 2014 ta maye gurbin wannan kashi, don haka ba a rubuta shi yanzu.

Dokar 1984 ta raba gidajen biyu, residential care home da nursing home. Dokar Care Standards Act ta 2000 ta haɗe su a suna ɗaya, care home, sai a ce mai nas ko marar nas. Tun 2009 CQC, hukumar sa ido kan ingancin kulawa, ce ke yi musu rajista a Ingila. Scotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar.

Ga inda ake faɗawa rami. Iyali kan ce nursing home ga kowane gidan tsofaffi. Tafinta ko ma'aikaci ya ɗauka haka ya rubuta. Alhali a gida marar nas ana taimakawa ne da wanka, sutura, abinci, bayan gida da miƙa magani. Wankin gyambo mai zurfi, allurar insulin ko sauya robar fitsari, nas ɗin unguwa ce ke zuwa daga waje ta yi. Gida mai nas kuwa dole a samu nas mai rajista dare da rana, kuɗinsa ya fi yawa, kuma NHS na biyan wani kaso kai tsaye ga gidan idan an tantance cewa mutum na bukatar jinya. Aka kai mai bukatar jinya gida marar nas, ba a jimawa sai a sake ɗauke shi, sauyin wuri kuma na ƙara rikita mai mantuwa. Aka kai marar bukata gida mai nas, iyali su yi ta biyan abin da ba sa amfana da shi. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Tsakanin wannan da fam 14,250 ana lissafa masa fam 1 a mako kan kowace fam 250. Ƙasa da haka ba a duba ajiyarsa, amma ana ɗiba daga fanshonsa. Don haka kafin a rubuta komai a tambayi iyali: akwai aikin da sai nas ce za ta yi masa kullum?

Hajiya Babba:
Baban Sadik ka bar rabin tambayar. Tsohuwar da ta ce a nursing home aka haife ta, gaskiyarta ce, kada wani ya rubuta cewa ta rikice. A da sunan ya haɗa da ƙananan asibitocin kuɗi inda ake haihuwa ko a yi wa mutum tiyata ya yi jinya. Dokar rajistarsu ta 1927 har da gidajen haihuwa ta ƙunsa. Masu ɗan hali ne ke haihuwa a can, don haka sau da yawa tana faɗa ne da alfahari. Convalescent home kuma gidan murmurewa ne na 'yan makonni bayan an sallamo mutum daga asibiti, da yawa a garuruwan bakin teku. Idan tsoho ya ce ya zo "convalesce" ne, yana gaya miki cewa a ransa zaman na ɗan lokaci ne, zai koma gida. Wannan abin sanar da manaja ne, domin in an zaunar da shi dindindin ba tare da ya fahimta ba, magana ta shiga hurumin dokar Mental Capacity Act ta 2005, wadda ta shafi ikon mutum na yanke wa kansa shawara.

Ɗan Damagaram:
To ni a ganina an tsawaita. In za a fassara wa dattijonmu da ke zaune a can, a ce masa "gidan gajiyayyu" kawai, kowa ya san shi. Almshouse ma ai shi ne, gidan sadaka.

Malam Tafinta:
A'a ɗan'uwa, nan kam ban bi ka ba. Duk Bahaushen da ya ji gidan gajiyayyu, abin da zai zo masa shi ne inda ake tara waɗanda ba su da kowa. Ka faɗa wa dattijo mai 'ya'ya biyar haka a gaban jami'ar jin daɗin jama'a, taron ya watse, kuma kai ka watsa shi da kalmar da jami'ar ba ta faɗa ba. Wannan fassarar ta fi dacewa da workhouse da poorhouse. Care home a ce gidan kula da tsofaffi, mai nas a ce gidan jinyar tsofaffi, respite a ce zaman 'yan kwanaki don mai kula da shi a gida ya huta. Aikin tafinta ya isar da nauyin maganar daidai yadda aka ɗora shi, ba ƙari ba ragi.

Hajiya Babba:
Kuma almshouse bai mutu ba, a nan ma Ɗan Damagaram ya yi sauri. Kalmar ce tsohuwa, gidajen na nan da mutane a ciki, ƙungiyoyin da ke riƙe da su sun haura 1,500 a Birtaniya. Mafi kusa da shi a wurinmu wakafi ne: mai hali ya gina 'yan ɗakuna ya bar dukiyar da za ta riƙe su, ya gindaya sharaɗin wanda zai zauna, misali gwaurayen mata na gari kaza ko tsofaffin masu sana'a kaza. A zamanin da ladan addu'a mai ginin ke nema, shi ya sa wasu ake kiransu bedehouse, mazaunan bedesmen, wato masu yi masa addu'a.

Abin lura biyu. Na farko, yawancinsu ba gidajen kulawa ba ne. Mutum na zaune a ɗakinsa da kicin ɗinsa, yana yi wa kansa komai. Na biyu, mazaunin ba ɗan haya ba ne a doka. Wasiƙar naɗi amintattun wakafin ke ba shi, abin da yake biya kuma gudummawar gyaran gida ce ta mako-mako. In ƙarfinsa ya ƙare har ba ya iya zama shi kaɗai, sau da yawa sai an nema masa wani wuri. Mai cike masa fom ya kiyaye wannan.

Sai tarkon kalmar hospital. A tsohon Turanci masauki take nufi. Hospital of St Cross da ke Winchester, wanda Bishop Henry na Blois ya kafa a shekarun 1130, gidan tsofaffin maza ne da ake kira Brothers, har yau suna sa doguwar riga, kuma baƙon da ya roƙa a ƙofa ana ba shi ɗan burodi da abin sha. Royal Hospital Chelsea da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682 gidan tsofaffin sojoji ne, masu jar kwat ɗin nan, mata sun fara shiga a 2009. Charterhouse na Landan ma irin wannan masaukin tsofaffi ne tun 1611. In kika ga irin wannan a adireshin mutum, gidansa ne, ba kwantar da shi aka yi ba.

Ɗan Damagaram:
Na karɓa Hajiya. Amma EMI fa? Har yanzu ina ganin gidaje na tallata kansu da shi, to ina tsufansa?

Anti Nas:
Yana nan a bakin ma'aikata da wasu tallace-tallace, amma ba a so. Elderly mentally infirm ke nan, tsofaffi masu raunin hankali. Yanzu dementia care ake rubutawa. Haka senile, wato wanda tsufa ya ruɗa, ba a so, haka geriatric in an kira mutum da shi. Reshen likitanci ne geriatrics, Ignatz Nascher ya ƙirƙiro sunan a Amurka a 1909, wadda kuma ta raya shi a Ingila Dakta Marjory Warren ce. A 1935 aka haɗa asibitinta na West Middlesex da tsohon infirmary na kusa da shi, ta gaji majinyata 714 da aka jibge a matsayin waɗanda ba sa warkewa. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta tayar da da yawa daga gado, wasu har suka koma gida. Kalmar incurables ta wancan zamanin ce. Asibitin Putney da aka kafa a 1854 ya daɗe da ita a sunansa kafin ya koma Royal Hospital for Neuro-disability.

Waɗanda suka fi haɗari a wurina su ne tsofaffin kalmomin da ke tafe da tsohon aiki. In tsohon ma'aikaci ya ce miki a sa "cot sides", shingen gefen gado yake nufi, bed rails a rubuce. Ba a sa shi sai an auna haɗari an rubuta. Ratar da ke tsakanin sandunansa kada ta kai milimita 120, tsakanin ƙarshensa da allon kan gado kada ta kai 60, in ba haka ba kai ko wuya na iya maƙalewa. Ga mai rikicewa da ke iya motsi kuwa, shingen ƙara masa tsayin faɗuwa yake, don haurawa zai yi. Irinsa gado mai sauka ƙasa ake ba shi, da katifa a gefe da tabarmar da ke ƙara in ya taka.

"Back round" zagayen da ake yi a da ne ana murza wa majinyata baya da ɗuwawu don hana gyambon kwanciya. An daina, murza fatar da ta riga ta yi ja a kan ƙashi ƙara lalata naman ƙasa yake. Juya mutum ake yi: ƙa'idar NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin jinya, aƙalla duk awa 6 ga mai haɗari, duk awa 4 ga mai haɗari sosai, wasu kuma tsarin kulawarsu ya ce awa 2. Bedsore ma pressure ulcer ake rubutawa, da matakinsa daga 1 zuwa 4. "Drag lift", wato cicciɓar mutum ta hammata, yana goce kafaɗar tsoho ya kuma karya bayan ma'aikaci. Injin ɗagawa da zanen zamewa ake amfani da su. Duk wanda ya ce miki "haka muke yi tun da", ki ƙi, ki kai rahoto.

Sai laƙabobi: feeders ga waɗanda ake ba abinci a baki, wanderers ga masu yawo, doubles ga masu bukatar mutum biyu, bed blocker ga wanda sallamarsa ta makara. Nappy da bib kuma na jarirai ne, pad da clothes protector ake cewa. Mai duba gida daga CQC in ya ji waɗannan a falo ko ya gan su a rubuce, suna iya shiga rahotonsa a babin mutunta mazauna.

Baban Sadik:
Ƙari kaɗan kan sunayen ma'aikata, don tsoho zai ce a kira masa wani, sabon ma'aikaci ya tsaya yana kallonsa. Matron a gidan kulawa manaja yake nufi. Sister babbar nas. Orderly da auxiliary mataimaka ne irinmu. Almoner ko lady almoner jami'ar jin daɗin jama'a ta asibiti ce, an sauya sunan a 1964, in ya neme ta to maganar kuɗi ko komawa gida ce ke damunsa. Home help mai zuwa gida ta yi shara da cefane. Warden kuma mai lura da rukunin gidajen sheltered housing ne, inda tsofaffi ke zaman kansu, yanzu scheme manager. Wannan na ƙarshe na jawo matsala wajen sallama daga asibiti: a ji tsoho ya ce akwai warden a gidansu, a ɗauka akwai mai kula da shi. Babu. Igiyar kiran gaggawa ce a bango da mutumin da galibi ke aikin rana kawai, ba ya wanka ba ya ba da magani.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura rest home, sannan wasu maganganun yau da kullum kamar "spend a penny" da "funny turn".

Malam Tafinta:
Rest home ya danganta da ƙasa. A Ingila tsohon yayi ne, ƙaramin gida mai zaman kansa marar nas, sai dai a gan shi a allon wasu gidaje. A New Zealand kuwa shi ne sunan da hukuma ke aiki da shi har yau. A Amurka nursing home bai tsufa ba sam, tsofaffin nasu su ne poorhouse da poor farm. A Scotland poorhouse ake cewa maimakon workhouse, akwai kuma eventide home, gidajen da Cocin Scotland da Salvation Army suka riƙa buɗewa, sunan daga maraice ne, wato maraicen rayuwa. In kuma kika ci karo da distressed gentlefolk, 'ya'yan manyan gida ne da arziki ya juya wa baya. Elizabeth Finn ta kafa musu ƙungiyar taimako a 1897.

Anti Nas:
"Spend a penny" bayan gida take so. Daga makewayin gwamnati ne na da, da sai an jefa kwabo ɗaya ƙofa ke buɗewa. Kada a tsaya neman jakarta, a kai ta da sauri, don in ta yi a jiki sau biyu uku sai ta fara ƙin shan ruwa, daga nan sai ciwon mafitsara da ƙarin rikicewa. "Waterworks" harkar fitsari ce, in ta ce yana ba ta matsala a sanar da nas. "Tea" a arewacin Ingila abincin yamma ne, "dinner" na rana, a tambaya kafin a cike takardar cin abinci, kada a rubuta shayi kawai ta sha alhali ta ci ta ƙoshi, ko akasin haka.

"Funny turn" shi ne wanda ba a wasa da shi, ko da dariya ta faɗa. Mutanen wancan zamani ba sa son damun kowa, ƙaramar kalma suke ba babban abu. Yana iya zama jiri don jini ya sauka da ta miƙe, ko sukari ya faɗi, ko ƙaramin shanyewar jiki da ya zo ya wuce. A zaunar da ita, a tambayi yaushe ya faru da tsawon lokacin da ya ɗauka, a duba ko fuska ta karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sauya. In an ga ɗaya daga ciki a kira lambar gaggawa 999 nan take, ko da alamar ta riga ta wuce. In mai ciwon sukari ce a auna, ƙasa da 4 a ba ta abu mai zaƙi in tana iya haɗiya, a sake aunawa bayan minti 15. A littafin aiki a sa kalmarta cikin alamar zance, a biyo da abin da aka gani da abin da aka auna, da sunan wanda aka sanar da ƙarfe nawa.